Lamba Sha Bakwai

A fayil ba ka da suna, lamba ce kawai,
sha bakwai, an ja mata layi da jan biro.
Oga ya turo min hotonka da ɗan yatsa:
"Direban dankali ne, daga Bokkos yake tasowa.
Ki gano mana abin da ke kwance ƙarƙashin buhunan."

Sai na zama Barira mai cajin waya a Farin Gada,
ni da aka yanka wa rago da sunan Zinatu.
Wata tara cikin rumfar kwano,
wayoyin direbobi a jere kamar 'yan tsaki,
suna shan wuta, ina shan sirrinsu.

Ka zo ran wata Talata, sanyin Jos a kafaɗarka,
leɓe a tsage, hula ta rufe kunne.
Ka ajiye waya mai fasasshen gilashi,
ka ce, "Riƙe min amana, ita ce dangina a garin nan."
Na riƙe ta.
Na kuma kwashe duk abin da ke cikinta.

A wurin horo an koya mana bin sawu,
da karanta ƙarya a ƙwayar ido.
Ba wanda ya ce ga yadda ake yi
da mutumin da zai kawo atili a leda,
ya jiƙa shi da ruwan ɗumi,
ya zaɓo masu laushin ya tura gabanki,
ya tashi bai ce komai ba.

Duk Alhamis ina zuwa kantin magani a Taminus,
in miƙa takarda kamar mai neman maganin mura.
Na rubuta lambar mota, na rubuta sa'a,
da sunan wanda ke jira a Mararrabar Jama'a.
Ban rubuta yadda kake dariya da gefen baki ba,
ko ranar da muka zauna bakin tafkin kuza a Rayfield,
ka ce ruwan nan shiru gare shi amma yana cin mutum,
na ce na sani, Tasi'u.
Na fi ka sani.

Na ga hotunan ƙauyen da kayanku suka isa.
Na ƙirga takalman yara a bakin ƙofa,
takwas, ɗaya ba ɗan'uwansa.
Duk daren da zuciya ta ce in yi shiru,
takalmin nan ne ke taka ni.

Daren ƙarshe na ba su sa'a ta gaskiya: biyu da rabi.
Sannan na sace makullin motarka,
na jefa shi cikin tulun ruwa.
Na so in ba hukuma motar,
in bar wa kaina direban.

Ka shigo ba ka nemi makulli ba.
Ka zaro wani daga safa, ka nuna min.
"Zinatu," ka ce,
sunan ya faɗo tsakaninmu kamar faranti.
"Na gane ki tun ranar farko.
Mai caji ba ta ƙirga tayoyi kafin ta amsa sallama.
In ban tuƙa ba, ƙanena za su ɗora,
bai kai ashirin ba."

Na ce kada ka je.
Ka ce, "Kira su ki ce an fasa."
Waya na hannuna.
Muka tsaya muna kallonta, ni da kai,
har allonta ya mutu don kansa.

Ƙarfe uku saura kwata saƙo ya shigo:
An kama kaya. Direba na hannu, da rai. Aiki ya yi kyau.
Na karanta "da rai" har aka kira assalatu.

Yanzu ga fom a gabana, layin ƙarshe na tambaya
ko jami'a na da ƙarin bayani.
Na rubuta: babu.

Wayarka na nan inda ka bar ta.
Ta cika tun jiya.
Ban cire ta ba.